Tseren Kwale-kwale a Ɗakin Gashi

Ummussalma ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani ƙaramin asibiti a Haɗeja. Manya ba sa ba ta wahala, yara ne ke kai ta bango. Cikinsu kuwa babu kamar 'Yar'azumi, 'yar wani masunci mai shekara bakwai, wadda ta karye a cinya. Ƙashi ya haɗe tuni, amma ko da alewa aka lallashe ta ba ta yarda ta motsa ƙafar.

Ummussalma ta yi zane a takarda ta nufi wurin kawunta Gwadabe, mai gyaran injin ban-ruwa.

"Kawu, feda nake so irin ta keke. In yaro ya taka, fitila ta kama, a ji tafi."

Cikin kwana huɗu ya haɗa mata. 'Yar'azumi ta taka sau uku, fitila ta kama, tafi ya tashi. Ta ɗago kai ta ce, "Shi ke nan?" Ta janye ƙafarta.

Abin ya sosa wa Ummussalma rai, amma ta durƙusa gabanta. "To ke me kike so ya yi?"

"Ya tafi wani wuri mana, Anti. Kamar jirgin Babanmu."

Aka koma aiki. Gwadabe ya tsaga dogon bututu gida biyu ya zuba ruwa, ya sassaƙa ɗan kwale-kwale, ya ɗaura zare daga goshinsa zuwa fedar. A gwajin farko zaren ya tsinke. A na biyu jirgin ya kife. A na uku ya tafi sumul, sai dai yarinyar ta tsaya a rabin hanya tana kallon Umaima, wata yarinya mai jiran layi. Nan take Ummussalma ta gane abin da ya rage.

"Kawu, jirgi biyu, feda biyu."

Ranar Laraba aka jera su. Iyaye mata suka cika taga suna zuga su. 'Yar'azumi na takawa, gumi na zuba, amma Umaima ta riga ta da kaɗan.

"A sake!" in ji 'Yar'azumi.

Sau shida aka sake. A na ƙarshe jirginta ne ya fara isa. Ta miƙe ba sanda, ta yi taku biyar, ta tsamo shi ta ɗaga sama. Mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa har ma'aikata suka leƙo.

Gwadabe ya goge ido da bakin riga ya ce wa Ummussalma, "'Yar nan, yara nawa ne a layin? In san itacen da zan nemo."