Kukan da Rupli Ta Kasa Koya

Tun da aka sa ranar auren jikata Rupli nake fama da ita ta koyi kuka, amma yarinyar nan dariya take yi mini.

A wurinmu 'yan ƙabilar Banjara, amarya ba ta barin gida da baki a rufe. Sai ta rera dhavalo, waƙar kuka, tana jero sunayen iyayenta mata, daga uwa zuwa kaka, har can kan waɗanda suka bi ayarin shanu da gishiri. Tamu waƙar daga bakin uwata na ɗauka, ba a rubuce take ba, kuma ni kaɗai na rage da ita. 'Yata Somli ta rasu ba ta koya wa Rupli ba, uban kuma ya kwashe ta zuwa birni.

"Ja muryar, ja'ira! Daga ciki ake fito da ita."

"Kaka, ni fa ina son mijin nan. Kukan me zan yi?"

"Wa ya ce miki don miji ake yi? Ni ma ranar nawa auren ɗokin tafiya nake."

Sai ta ajiye wayarta a cinyata. "To, sake yi in ji." Na yi, na sake, har maƙogwarona ya bushe. Ina ta murna, wai ta fara sa hankali.

Ranar tafiya aka ɗora ta kan bijimi yadda aka saba, mata suka kewaye ta. Na matsa kusa don in tuna mata idan ta manta. Sai na ga ta ɗaga wa mai lasifika hannu. Ga muryata ta cika gari, har da tarin da na yi a tsakiya. Ashe naɗar muryata ta yi a wayar nan.

Raina ya ɓaci matuƙa. Mata kuwa suka ɓarke da kuka, ko a jikinsu wai inji ne ke rerawa.

Da muryar ta ambaci Somli, Rupli ta zamo daga bijimin ta ƙanƙame wuyana. Wannan karon kukan gaske take. Na sa aka kashe lasifikar.

"Yanzu ne," na raɗa mata. "Faɗi sunayen da bakinki."

"Somli," ta ce, sai ta tsaya.

"Kaka, bayan Mama wa ke biye?"

"Kesli," na ce. "Ni ce."