Guntun Ƙarfen Dogo

"Wancan tudun ma a baje shi, a cire ƙarfen nan."

Sada ya tsaya da fartanya a hannu yana duban Malam Zainulabidin, sabon shugaban tashar jirgin ƙasa da aka turo musu bayan samun 'yancin kai.

"Ranka ya daɗe, ba tudu ba ne. Kabarin mahaifina ne."

Kaf ƙauyen nan na kusa da Makarfi babu wanda bai san haka ba. Usmanu, mahaifin Sada, na cikin mutanen garin Kudan da aka koro aikin dogo zamanin Turawa. Zazzaɓi ya kashe shi, 'yan'uwansa leburori suka binne shi a gefen layi, suka kafa guntun ƙarfen dogo a wajen kansa. Daga baya ne aka gina tashar ta tarar da shi. Saboda kabarin nan Sada ya nemi aikin shara tun yana saurayi.

"To sai me? Gobe Minista zai tsaya a nan. A kan kabari zan ajiye masa kujera? Ko ka baje, ko ka ajiye mana tsintsiyarmu."

Tir! Bature da kafircinsa bai taɓa ƙarfen nan ba, sai ga ɗan gida. Amma Sada na da bakunan da yake ciyarwa a gida, ga damina ta yi gardama. Ya cire ƙarfen ya ajiye bayan ofis, ya baje tudun, yana sara yana istigfari. Aka zuba jar ƙasa aka daɓe filin kaf, aka shimfiɗa darduma.

Washegari makaɗa suka cika tasha, Malam Zainulabidin na ta gyaran hula. Jirgi ya taho yana kuwwa. Ko sassautawa bai yi ba. Wani mai babbar riga ya leƙo ta taga, ya tsartar da tuƙar goro, ta faɗo jajur a kan dardumar.



"Wataƙila a dawowa ya tsaya," in ji Malam Zainulabidin. "A bar dardumar."

Sada ya nufi dardumar. Ya naɗe ta ya jefar gefe, ya ɗauko guntun ƙarfen daga bayan ofis. Ya yi gaba, ya yi baya, yana duban daɓen. Ko'ina ja, ko'ina sumul.

Bai gane inda zai kafa shi ba.