Yatsu Uku na Bakhtawar

Ranar Laraba kwalbar ta fashe, kwana talatin da tara bayan an binne Bakhtawar.

Mijinta, Masta Allah Ditta, ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Multan. Duk shekara sai ya rubuta darasi ɗaya a allo: in zafi ya taɓa abu mai tauri, kaɗan yake buɗewa, mai ruwa-ruwa ya fi shi nesa ba kusa ba, iska kuwa ta fi su duka rashin kunya. Yara suka haddace, suka ci jarrabawa, wasu har suka zama injiniyoyi. Matarsa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, shi kuma bai taɓa barin ta manta da haka ba.

Duk bazara takan haɗa acar. Ta yanka ɗanyen mangwaro, ta cakuɗa da gishiri da yaji, ta zuba a kwalabe, ta bi da man mastad, man girkinsu mai ƙarfin wari. Sai ta bar faɗin yatsu uku a sama babu komai, ta ɗaure baki da ƙyalle, ta jera a saman soro rana ta dafa.

"Wannan filin da kike bari, haya za ki bayar?" yakan ce.

"Mai ma yana son wurin miƙe ƙafa, Baban Rukhsana."

"Mai ba shi da ƙafa."

"To, kai ne mai littafi."

Bana ta cika kwalabe biyar, ba ta kai ga hau da su soro ba ciwo ya kwantar da ita. Bayan rasuwar, 'yarsu Rukhsana ta bugo waya daga gidan mijinta a Bahawalpur. Ba ta tambayi awarwaro ko gyale ba. "Abba, acar ɗin Ammi. Kada ka ba kowa. In na zo sadakar arba'in zan tafi da shi."

Sai Masta ya ga ai lokaci ya yi da za a yi abin bisa ilimi. Ƙyalle yana shan ƙura, kwalabe biyar kuma wahala ce a mota. Ya ɗauko babbar kwalbar da aka ba shi daga ɗakin gwaji ranar da ya yi ritaya. Da sanyin safiya ya juye duka a ciki, ya ƙara mai har baki, ya danna marfi, ya ɗaure da waya, ya liƙe da kakin zuma. Ya kai ta soro, ya ja da baya yana kallo kamar wanda ya ci gardama.

Bayan azahar aka ji ƙara. Yayar marigayiyar, Apa Zinat, tana tsakar gida da mata suna tsince shinkafar sadaka, sai ga jan mai yana zuba ta indararo. Ta riga Masta hawa, duk da ciwon gwiwarta.

Mangwaron ya baje a ƙasa, ɓarɓashin gilashi yana ƙyalli a jikin kowane yanki.

"Har baki ka cika?" ta ce.

Ya sunkuya ya ɗauki marfin, wayar na naɗe a jikinsa.

"Ka kuma toshe. A wannan ranar da take dafa ƙwai! Masta, shekara talatin me kake koya wa 'ya'yan mutane?"

Abin da ya fi ƙona shi, ya san amsar har da lissafinta. Gilashin ya buɗe ɗan kaɗan, man ya buɗe ninkin-ba-ninkin, ya rasa inda zai je. Yatsu ukun nan iska ce, tana matsawa ta fice ta ƙyalle ta bar wa mai wuri. Babi na bakwai ne a littafin kimiyya. Shi ya rubuta shi a allo sau talatin da ɗaya, ita ta yi shi a soro.

Rukhsana ta iso da la'asar, ko mayafi ba ta ajiye ba ta hau. Ta tsuguna, ta ɗauki yanki ɗaya, ta juya shi a haske, ta mayar a hankali. Da ta yi masa faɗa da ya fi sauƙi.

"Ba komai, Abba," ta ce. "Ai ba ka sani ba."

Ya bar ta a haka, don ƙaryar ta fi gaskiyar rufin asiri.

Washegari aka yi sadaka, aka ci shinkafa babu acar, babu wanda ya tambaya. Masta ya zauna cikin maza yana amsa gaisuwa, hannunsa na warin mastad. Magana ɗaya ce a bakinsa, mai ita kuma ta yi kwana arba'in a ƙasa: Bakhtawar, ashe mai yana da ƙafa.