Akawal da Bashin Karatu

Tun ina ƙarama nake zama a gindin mangwaron da ke bakin gonarmu a Beli, ina kallon Akawal yana zagaye. Akawal shi ne baƙin dokin Baba, shi ke jan gungumen da ke juya injin matsar rake. Ruwan raken ya tsiyaya a bokiti, a juye a kasko, a dafa har ya zama mazarƙwaila. Tururin kaskon kan lulluɓe wurin da wani ƙamshi mai kashe jiki, ni kuwa sai in lumshe ido in ga ƙarafan injin sun girma sun kai tsayin rumbu, suna juyawa su kaɗai, ba doki ba bulala, Akawal na kwance a inuwa yana kore ƙuda. Inna takan ce, "Ita Murja da ido biyu take mafarkinta." Ba ta yi min ƙage ba.

Da jami'a ta ba ni gurbin karatun injiniya, fannin injuna, sai mafarkin ya zo da farashinsa. Shekara biyar ce. Akwai bashin karatu na gwamnati, babu kuɗin ruwa a ciki, a biya maka makaranta a kuma ba ka na abinci duk wata. Na zauna da biro a bayan wani tsohon kwalin sukari na haɗa: kusan miliyan biyu. In na samu aikin dubu ɗari da hamsin a wata, ana cire kashi ɗaya cikin goma, sai na shekara goma sha ɗaya ina biya. In ban samu ba kuwa, biron bai san amsa ba.

Mutum biyu na sani da suka yi wannan karatu. Habibullahi na Tudun Kaya yana wani kamfani a Kaduna, ya gina wa tsohuwarsa ɗaki har da silin. Haidar kuwa, ɗan ƙanwar Inna, shekara huɗu ke nan yana cajin waya a tashar Karaye, takardar digirinsa na cikin leda a ƙasan akwati. Duk sanda na zauna a gindin mangwaro sai in gan su a cikin tururi, kowa zaune a nasa kwanon sikelin, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Haidar ya fi ƙiba, don haka shi ke yawan rinjaya.

Na kai wa Baba kwalin yana zuba mazarƙwaila a ƙananan kwanoni. Bai karɓa ba, ya ce in karanta masa. Baba ba ya gane kuɗi sai an mayar masa da su kwandon mazarƙwaila, da na mayar kuwa sai ya ajiye ludayi.

"Murja, shekarata sittin da biyu," in ji shi. "Jana'izar da na halarta ba ta ƙirguwa. Kullum sai wani ya miƙe ya ce wanda ke bin mamaci bashi ya matso. Ranar mahaifina ba wanda ya motsa. Haka nake so ranar tawa, haka nake so ranar taki."

"Baba, sun ce wanda bai samu aiki ba, ba za a matsa masa ba."

"Su ba za su matsa ba. Kabari fa?"

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci ɗaya. Na cike fom ɗin a wayata tsaf, amma na kasa turawa. Ranar Juma'a za a rufe.

Ran Talata na tafi Karaye buga takardu, na kwana biyu a gidan gwaggona. Da na dawo ran Alhamis da hantsi, ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin hanya, na ce bari in bi ta gona. Tun daga nesa na jiyo kukan injin, ƙiii, ƙiii, sai dai a hankali fiye da yadda na saba ji. Tururi ya cika wurin, rana na ratsa shi. Na tsaya ina kallon ƙarshen gungumen yana fitowa daga tururin yana komawa, babu doki a gabansa. Igiyar Akawal ma tana ja a ƙasa. Wallahi na ɗauka mafarkina ne ya fito fili, har wani sanyin daɗi ya ratsa ni, na kusa yin dariya.

Iska ta ɗan kaɗa tururin. Sai ga Baba, ya tuɓe riga, ya kafa ƙirji a gungumen yana turawa, ƙafafunsa na bin ramin da kofaton Akawal ya haƙa shekara da shekaru.

"Sannu da hanya," ya ce, bai tsaya ba. "Kin samo takardun?"

"Baba, ina Akawal?"

"Abdulmutalib na Fulatan ya saya jiya. Dubu ɗari huɗu. Suna wurin innarki, a ɗaure. Na tambaya, an ce sun isa shekara guda har da abinci."

"Shekara ta biyu fa?"

Ya juya kai ya dubi gonar raken, wadda kakansa ya sare dajinta, sannan ya ci gaba da zagaye. Na ƙirga a raina: doki, gona, sai me? Lissafin da biro ya kasa, ga shi ƙafafun Baba suna yi min a ƙasa. Tsoro ya kama ni, irin wanda miliyan biyu ba su taɓa sa ni ba.

Na ciro wayar, na ɗaga ta sama wajen reshen mangwaro inda sabis ke kamawa, na tura fom ɗin. Sai da na ga ya shiga na ajiye jakata na je na sa kafaɗa a gungumen kusa da shi. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Shekara goma sha takwas ina kallon abin nan, ban taɓa sanin haka yake ba.

"Na karɓi bashin, Baba," na ce. "Gobe da sassafe zan kai wa Abdulmutalib kuɗinsa, in roƙe shi don Allah."

Muka yi zagaye ɗaya, muka yi na biyu. Gumi na ɗiga daga gemunsa.

"In aka ce mai bin ki bashi ya matso fa?" ya tambaya.

"Sai ya matso. Ni ce na ci, sunana ne a takarda."

Ya tsaya, injin ya tsaya. Ya daɗe yana kallona kamar baƙuwa. Daga nan ya sunkuya ya ɗauki igiyar Akawal daga ƙasa, ya kakkaɓe ta, ya naɗe, ya miƙo min.

"Ki tafi da wannan," ya ce. "Ba ya yarda da igiyar wani."