Fitowar Ƙarshe a Ɗakin Umma

Sau goma sha huɗu Auta ta mutu a gaban jama'a, kuma ko sau ɗaya mahaifiyarta ba ta zo kallo ba. Mota ta buge ta sau uku, ta sha guba sau biyu, sauran kuwa ciwon zuciya ne, irin wanda a fim yake kama mace da zarar an gaya mata magana mai ɗaci. Shekara ashirin da uku tana wannan sana'a. Ta fara da fitowa a ƙawar jaruma, mai riƙe jaka tana cewa "ki yi haƙuri", har ta zama jarumar da kanta, hotonta ya hau bayan motocin haya da bangon shagunan aski. Da ta cika talatin da takwas sai masu shirya fim suka ƙare wa fuskarta kallo, suka yanke hukuncin ta tsufa, suka ba ta ɗa wanda ya girme ta da shekara huɗu. Ta yi masa uwa a fim biyu. A na uku da aka kawo mata sanda da furfurar hoda, ta ajiye musu kayansu, ta ce ai ita ma ta iya zama a kujera ta daka wa mutane tsawa. Haka ta zama darakta, kuma abin haushi ga masu jiran ta faɗi, sai ta iya.

Duk wannan ɗaukaka iyakarta ƙofar gidansu. A waje Darakta ce, ana buɗe mata mota. A ciki Auta ce, wadda ta gudu daga kwalejin horar da malamai saura wata huɗu ta gama. Umma tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, ta yi ritaya amma jan bironta bai yi ba. Ranar da Auta ta haɗa kayanta, magana ɗaya Umma ta yi: "Je ki, amma kada ki ce ni na aike ki." Tun daga nan ba ta ƙara ɗaga zancen ba. Ba gaba take yi da ita ba, da ma gabar ce da ta fi sauƙi. Za ta tambaye ta me ya sa ta rame, za ta yi mata faɗan takalma masu tsini, za ta aika mata da maganin mura. Amma kalmar fim ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba. In maƙwabta suka ce sun ga 'yarta a talabijin, sai ta ce to Allah ya ba talabijin lafiya. Kofin girmamawa na farko da Auta ta ci, da ta kawo shi gida, Umma ta juya shi ta yaba nauyinsa, ta tokare ƙofar kicin da shi.

Abin yana cin Auta, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba. Mace mai shekara arba'in da biyu, wadda dubban mutane ke yi wa tafi, kalma ɗaya take nema daga bakin tsohuwa ɗaya, ta rasa.

Saboda haka ta yi abin da ta iya: ta rubuta kalmar da kanta. Ta shirya fim a kan rayuwarta, ita ce darakta, ita ce jaruma. A fitowar ƙarshe uwa ta kira 'yarta ɗaki, ta rungume ta, ta sa mata albarka na tsawon shafi ɗaya da rabi. Auta ta gaya wa ma'aikatanta cewa dole a ɗauki wannan fitowa a ainihin ɗakin mahaifiyarta domin gaskiyar labari. Suka gyaɗa kai suna cewa lallai Darakta akwai zurfin tunani. Gaskiyar maganar ita ce so take Umma ta ji shafin nan da kunnenta, ko Allah zai sa wani abu ya motsa.

Yayanta ne ya sha wahalar roƙon, mako uku yana safa da marwa. A ƙarshe Umma ta yarda da sharaɗi uku: a cire takalma, kada a matsar da gado, kuma ita ba inda za ta.

"Ɗakina ne," in ji ta. "Wanda na tsare wa gani ya rufe ido."

Ranar ɗauka, tun ƙarfe tara na safe ɗakin ya cika. Wayoyin lantarki sun bi ta ƙarƙashin gado sun fita ta taga. An dasa fitila biyu, ɗaya gefen kabad ɗin littattafai, ɗaya a bakin ƙofa, zafinsu ya sa fanka ta zama abin ado. Mai kyamara ya maƙale tsakanin gado da bango, mai sauti ya ɗaga doguwar sandarsa sama yana kaffa-kaffa da agogon bangon da aka ba Umma ranar ritaya. An ajiye ƙaramin allon da Darakta ke duba hoto a kan keken ɗinki. Umma kuwa tana kusurwa a kujerar roba, tabarau a hanci, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan aji uku da suka makara.

Wadda za ta fito a uwa ita ce matar da ake kira Uwar Kowa, don babu jarumi a harkar da ba ta haifa ba, wasu ma sau biyu. Ta shigo da sallama da ƙamshin turare, ta durƙusa har ƙasa.

"Umma, ina kwana? Yau ni ce ke."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Umma. "Ba ni takardar nan in ga abin da na ce."

Kafin Auta ta hana, takardar ta isa hannun Umma, jan biro ya fito daga cikin jaka. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar biro. Ta gyara rubutu a wuri biyar, ta sa aya inda babu, sannan ta ɗago.

"Auta, wace ce wannan mai cewa 'ya ke hasken idanuna'?"

"Ke ce, Umma."

"Ni? Ni da tabarau nake gani." Ta ja layi a ƙarƙashi. "Nan kuma na ce ban taɓa barci ba tun da kika tafi. Shekara ashirin da uku? Ai da an kai ni asibiti."

Mai sauti ya cusa fuska a hammatarsa yana tari. Auta ta ce fim ne, Umma, ana ɗan ƙara gishiri. Umma ta miƙa takardar ta ce ta gani, har ya yi yawa.

Aka fara. Uwar Kowa ta zauna a bakin gado, Auta ta shafa man zafi a ƙasan idanunta yadda ta saba, ta durƙusa a gabanta. Hawaye suka zubo a kan lokaci. Uwar Kowa ta buɗe murya, ta dafe ƙirji, ta yi shafi ɗaya da rabi, sannan ta ɗora nata rabin shafin, don ita a rayuwarta ba ta taɓa barin magana yadda aka rubuta ta ba. Auta ta ce a tsaya, ta miƙe da gudu ta duba allo, ta ce inuwar sanda ta fito a bango. Aka sake. A karo na biyu babur ya wuce. A na uku ɗankwalin Uwar Kowa ya zame. Kowane karo Auta na durƙushe tana kuka, amma rabin hankalinta na kan fitila, rabi na kusurwar da Umma take. Daga kusurwar kuwa abin da ke fitowa bai wuce "hmm" ba, sai sau ɗaya da Umma ta tambaya ko baiwar Allah tana da ciwon ƙirji ne, ta ga tana ta dukansa.

A karo na shida Uwar Kowa ta kai inda ake cewa "na yafe miki duniya da lahira", ta ja shi har muryarta ta shaƙe. Sai aka ji ƙarar kujerar roba.

"Ya isa," in ji Umma. "Baiwar Allah, tashi daga gadon nan. Ku kuma ku kashe fitilun, kun dafa mini ɗaki."

Ba wanda ya dubi Darakta don neman izini. Fitilu suka mutu. Uwar Kowa ta ja gefe. Umma ta taka a hankali, tana dafa kabad, ta zauna a bakin gadonta. Auta na nan durƙushe inda take, ba ta san ko tashi za ta yi ba.

"Yafe me?" in ji Umma. "Sata kika yi?" Ta zaro hankici ta miƙa mata. "Goge wannan man da kika shafa, ina jin warinsa tun daga can. In za ki yi kuka a gabana, ki yi naki."

Auta ta goge. Umma ta cire tabarau ta ninke, abin da ba ta yi sai za ta kwanta, ta ɗora tafin hannunta a kan Auta. Muryarta ta sauka, ta zama wata iri da Auta ba ta ji ba tun tana 'yar firamare.

"Auta, saurara, don ni ban iya maimaita magana ba. Ranar da kika fita daga gidan nan..."

A daidai nan Auta ta ɗago ido, ta ga abin da ya kashe ta. Da aka kashe fitilu, hasken taga ya sauko a gefen fuskar Umma, ya bi layukan goshinta, ya tsaya a idon da ya ciko da ruwa. Shekara uku tana darakta ba ta taɓa samun haske irin wannan ba. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Hannunta na hagu ya zagaya bayanta da kansa, ya fara yi wa mai kyamara alama: ɗauka, ɗauka. Ba ta ji motsi ba. Ta karkaɗa yatsu da ƙarfi. Shiru. Ta ɗan karkata kai ta saci kallo, ta gan shi tsaye ya sunkuyar da kai, hannuwa a haɗe, murfi a bakin kyamara. Wai shi mai ladabi. Ta zare masa ido, ta motsa leɓe ba sauti, ta nuna kyamarar da haɓa. Ya ɗago a firgice, ya fara lalube, murfin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Ta juya wajen mai sauti, ta tarar ya sauke sandarsa ya rataye abin kunnensa a wuya, yana share ido da bayan hannu.

"...shi ke nan abin da ke raina," in ji Umma.

Auta ta juyo. Hannun ya riga ya bar kanta. Umma na kallonta, kuma Auta ba ta san tun yaushe take kallon ba. Duk ɗakin ana jan hanci. Yayanta a bakin ƙofa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Nan ma da ta yi shiru da wataƙila an rabu lafiya. Amma bakin da ya saba ya riga ta.

"Umma, don Allah... ko za ki sake? Ba mu ɗauka ba."

Umma ta buɗe tabarau ta mayar a hanci. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata fuska ba.

"Ke na gaya wa," ta ce. "Ban san da akwatin nan naku zan yi magana ba."

Ta miƙe, ta tsallake wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa yayan Auta ya kawo mata kujerarta tsakar gida, kuma in sun gama a share mata ɗaki.

Auta ta zauna a ƙasa. Ta lalubi kanta ta ga tana iya faɗin ta inda hasken ya shigo, da inda ya kamata a dasa kyamara, da irin gilashin da za a sa. Abin da aka ce tsakanin "gidan nan" da "shi ke nan" kuwa, ko kalma ɗaya babu. Kowa a ɗakin ya ji, har mai riƙe wayar lantarki a bakin taga. Ita kaɗai ce ba ta nan. Wani irin baƙin ciki ya taso mata, ga kunya, ta rasa wanda za ta yi wa tsawa.

"Me ta ce?" ta tambayi mai sauti, murya ƙasa-ƙasa.

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Darakta, magana ce mai kyau. Ta ce... kamar dai tana... ai ke ma kin ji."

Mai kyamara ya ce shi yana neman murfi a ƙarshen. Yayanta ya dube ta kawai ya ɗauki kujera ya fita.

"Haba, kwantar da hankalinki," in ji Uwar Kowa, tana gyara ɗankwali. "Ni na haddace tsaf, ai aikina ke nan. Kai, tsohuwar nan ta iya magana! Da ta shigo harkar da mun shiga uku. In faɗa miki?"

Auta ta dubi ƙofa. Daga tsakar gida ana jin Umma tana tambayar wanda ya bar famfo a buɗe. Taku goma ne tsakaninsu, kuma ta san ko ta yi su ba abin da za ta samo.

"A kunna fitilu," ta ce.

Uwar Kowa ta koma bakin gado, ta gyara zama, ta dafe ƙirji. Auta ta durƙusa a gabanta, aka ɗora mata hannu mai ƙamshin turare a ka. Wannan karon ba ta dubi allo ba, ba ta dubi inuwa ba, ta kasa kunne kamar ranta zai fita. Maganar ta zo da tsawo, da kuka, da rawar murya, kalmomi masu daɗi suna bin juna. Ta saurare su duka har ƙarshe, tana neman na Umma a ciki, ba ta kuma iya gane ko ɗaya ba.