Injin Citta a Gaban Kyamara

Da ƙyar mutum huɗu suka sauke injin daga bayan a-kori-kura, Matthew na biye da su yana cewa a yi a hankali da ɓangaren wuƙaƙen. Da suka dire shi a tsakar gidan da aka aro a Narayi, ya zaro tsumma daga aljihu ya shiga goge shi lungu-lungu. Matarsa Becky tana tsaye gefe da buhun ɗanyar citta a gabanta. Zanin da take zuwa coci da shi ta ɗauro, don an ce mata yau za a sa aikin mijinta a fim.

Shekara goma sha huɗu Matthew ya yi yana gyaran injinan saƙa a wata masaƙa a Kakuri kafin a rage ma'aikata, sunansa ya fito a jeri na biyu. Ya buɗe 'yar rumfar walda a Sabon Tasha, amma rabin hankalinsa na kan abu guda. A ƙauyensu, can wajen Kachia, mata ne ke tsaga citta da wuƙa kafin a shanya ta, daga safe har yamma, har fatar hannunsu ta saɓule. Yayarsa Celina ta bar kan yatsarta ɗaya a wannan aikin. Shekara uku ya kwashe yana haɗa injin da zai ɗauke musu wahalar, da tsofaffin ƙarafan masaƙa da rabin duro da kan injin niƙa. Lokacin mulkin soja ya kai takardar neman tallafi ofis-ofis, kowa ya ce ya dawo wata mai zuwa. A unguwa kuwa aka laƙaba masa Farfesa, kuma ba don girmamawa ba.

Shi ya sa da Somadina, mai shagon kaset a kasuwar Kakuri, ya zo ya ce yana son injin a sabon fim ɗinsa, Matthew bai tsaya dogon bincike ba. Somadina a Sabon Tasha aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma wata shida da komawar soja bariki ya sayi kyamara ya zama darakta.

"Oga Matthew, ka iso lafiya," in ji Somadina, yana tafe yana duba agogo. "Madam, sannu da zuwa. Bari in kira maka tauraronmu."

Audu, ɗan wasan barkwancin da yara ke bi a titi, ya fito daga ɗaki. Shuɗiyar rigar aiki ce a jikinsa, mai faci a gwiwar hannu. Tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da roba. Ya taho yana ɗan karkata kafaɗa, yana magana shi kaɗai, yana lissafi da yatsu a iska. Mutanen da suka taru a bakin ƙofa suka kwashe da dariya.

Matthew ya kai hannu ya taɓa nasa tabaran, daidai inda robar take.

"Me sunansa a fim ɗin?" ya tambaya.

"Farfesa Ba-ta-tashi," in ji Somadina. "Shi da abokansa sun kafa kamfanin ƙere-ƙere a cikin kejin kaji, suna jiran su zama masu kuɗi. Duk abin da suka ƙera sai ya tarwatse. Yau injin zai fashe a gaban matar da ta zo saye. Yanzu mulkin farar hula ne, Oga, mutane sun gaji da ɗaure fuska."

"Injina ba ya fashewa."

"Mun tanadi banga, abin fashewar nan na wasan Kirsimeti. Za mu cusa guda shida a nan." Ya nuna wani lungu da bai kai taƙi ɗaya daga tankin fetur ba.

Becky ta matso kusa da mijinta, ta yi ƙasa da murya. "Baban Emma, mu tafi gida. Dariyar unguwa ta ishe mu, ba sai an sa ta a kaset an kai Kafanchan ba. Emma makaranta yake zuwa. Ka san abin da yara za su riƙa kiransa?"

Matthew ya juya. Ya tafi bakin ƙofa ya tsaya yana kallon titi, ko zai hango motar da ta kawo su. Ta riga ta tafi. A jikin katangar da ke fuskantarsa akwai ragowar hotunan 'yan takara, ruwan damina ya cinye musu fuska. A tsallake kuma wani shagon haya na kaset ne, mutum kusan goma sun yi cirko-cirko a gaban talabijin, har da 'yan acaɓa biyu da suka kashe babura. Ya daɗe yana kallonsu. Shekara uku bai taɓa samun mutum goma sun tsaya sun kalli injinsa yana aiki ba.

Ya dawo ciki.

"Somadina, kaset ɗin nan yana zuwa Kachia?"

"Kachia, Kwoi, Zonkwa, har Jos."

"To ga sharaɗina. Injin zai lalace yadda kake so, amma ni zan shirya lalacewar, ba banga kusa da fetur. Kafin nan kuma zai yi aiki minti ɗaya cur, kyamara na kansa, ba yankewa. Kuma zan rubuta sunana da inda nake a jikinsa."

Somadina ya yi tsaki. "Minti ɗaya? Wa zai yi dariya don inji yana aiki? Ka san tsawon minti ɗaya a fim kuwa?"

"Na san tsawon shekara uku. In ba ka yarda ba, sa a nemo mini mota."

Somadina ya dubi rana, ya dubi 'yan wasa da suka riga suka yi kwalliya, ya ɗaga kafaɗa. "Shi ke nan. Minti ɗaya." Amma Matthew ya ga yadda ya kalli mai kyamara, kuma ya san cewa a ɗakin tacewa ba wanda zai hana almakashi aikinsa.

Duk da haka ya tuɓe agogo ya fara aiki. Ya sassauta ƙarfen da ke riƙe da bel ɗin da ke juya wuƙaƙen, ya ɗaura masa siririyar waya ya bi da ita ta ƙarƙashin tabarma har bayan randa, yadda ja ɗaya zai sa bel ɗin ya yi tsalle sama, nesa da mutane. Ya sa garwashi da jiƙaƙƙen tsumma a gwangwani don hayaƙi. Ya ɗaure ledar garin rogo a saman mazubin citta, inda bel zai fasa ta. Sau uku yana gwadawa ba tare da ya tada injin ba. Sannan ya karɓi farin fenti ya rubuta a jikin duron da manyan baƙaƙe: MATTHEW MAI WALDA, SABON TASHA, BAYAN COCI.

Yana cikin rubutun Audu ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya cire tabaran wasan ya riƙe a hannu.

"Malam Matthew, ka yi haƙuri. Sati biyu ina zama a shagon mai shayin da ke kallon rumfarka, ina koyon tafiyarka. Sana'a ce."

"Ka iya," in ji Matthew, bai ɗago ba. "Sai dai ni kafaɗar hagu nake karkatawa."

Audu ya yi 'yar dariya, ya ɗauki citta ɗaya yana juya ta. "Da gaske yana tsagawa?"

"Buhu ɗaya kafin ka shanye kofin shayi."

"Ka san Somadina zai yanke minti ɗayan nan."

"Na sani."

Audu ya mayar da tabaran ya miƙe ya tafi.

Sai bayan azahar aka shirya. Hajara, wadda ke fitowa a matsayin attajirar da ta zo saye, ta tsaya gaban injin da jaka a hannu. Matthew ya durƙusa bayan randa da wayar a naɗe a yatsa, agogo a ƙasa gabansa. Somadina ya ba da umarni, Audu ya ja igiyar tada injin.

Ja ɗaya injin ya tashi. Audu ya juye kwanon citta a mazubi, sai ga ta tana zubowa ta ƙasa, kowace an raba ta biyu a tsaye, fari tas, tana taruwa a tabarma. Ƙamshinta ya cika gidan. Surutun bakin ƙofa ya mutu. Hajara ta manta maganar da aka ba ta, ta sunkuya ta ɗauki ɓari biyu ta haɗa su, ta raba, ta sake haɗawa.

A yadda aka tsara fim ɗin, Audu zai tsaya ne kawai yana murmushi. Maimakon haka sai ya ja da baya a firgice, kamar wanda ya ga gawa ta tashi. Ya leƙa ƙarƙashin injin, ya leƙa mazubi, ya dubi Hajara.

"Hajiya, ki gafarce ni," ya ce da rawar murya. "Wallahi ban san me ya same shi ba. Bai taɓa yi mini haka ba."

Dariya ta ɓarke. Audu ya durƙusa gaban injin yana roƙonsa ya tuna da mutuncin kamfani. Ya cire hula yana yi masa fifita, ya yi masa alkawarin sabon mai in ya daina. Duk inda ya juya, bai taɓa tsayawa gaban rubutun ba, kuma bai tare inda citta ke zubowa ba. Mai kyamara yana dariya har kafaɗarsa na rawa, Somadina ya dafe shi don kada hoton ya girgiza.

Matthew bai ga komai a cikin wannan ba sai ta gefen ido. Allurar agogo yake bi. Da ta zagayo inda ta fara, ya ja numfashi, ya ja wayar da hannunsa.

Bel ya yi sama, leda ta fashe, gari ya wanke Audu daga kai har ƙafa, hayaƙi ya turnuƙe. Audu ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo hayyacinsa." Wata mata a bakin ƙofa sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

Somadina ya mayar da hoton baya a ɗan gilashin kyamara ya kalla, ya sake mayarwa ya kalla. Yana dariya yana girgiza kai.

"Audu, ka cuce ni. Ina zan sa almakashi a nan?"

"Ni dai abin da ya zo mini na yi," in ji Audu, yana kakkaɓe gari daga kunne.

Da la'asar aka samo wata motar. Matthew ya zauna a baya kusa da injin, yana riƙe da shi saboda ramukan hanya. Becky ta ƙi shiga gaba, ta zauna kan buhun cittar da aka tsaga. Tun da aka fara har aka gama bai ga ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya san gobe sunan Ba-ta-tashi zai riga shi isa rumfa, ya san kuma ita ce za ta ji shi a wajen ɗiban ruwa.

Sun kusa Sabon Tasha ta miƙa hannu ta taɓa fentin, ta duba ko ya bushe.

"Baban Emma."

"Na'am."

"Ka rubuta bayan coci. Coci uku ne a layinmu."

Ya juya ya dubi rubutun.

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta juya tana kallon hanya. "Bari kawai. Zan yi wa mai ƙosan bakin titi magana. Duk wanda ya sauka yana tambaya, ta nuna masa."