Injin Fatsa a Gurbin Gindin Kanya

Ni Maharazu, shekara arba'in da ɗoriya ina kama kifi a Tabkin Kanya, nan kusa da Waca, kuma duk tsawon shekarun nan kayan aikina uku ne: gwangwanin madara, zare, ƙugiya. Zaren a naɗe yake jikin gwangwani. In zan jefa, sai in kaɗa ƙugiyar sama da kaina sau uku in saki, in juya gwangwanin wajen ruwa, zare ya yi ta fita da kansa. In kifi ya ci, sauran aikin na yatsu biyu ne, babban yatsa da manuni. Su ke sakar masa zare in ya fusata, su ke tsayar da shi in ya gaji. Duk wanda ya ce maka akwai wani sirri bayan wannan, cika baki kawai yake yi.

Tabkinmu ana rufe shi tun ruwan farko, ba mai taɓa shi sai an ɗaure gero. Ranar buɗewa, safiya tamu ce mu masu fatsa, bayan azahar masu raga da masu gora su faɗa ciki. Kowane mai fatsa yana da gurbinsa a bakin ruwa, inda ubansa ya zauna. Nawa shi ne na gindin kanya, wurin da manyan tarwada ke kwanciya. Sai dai gurbi ba gona ba ne, ba a riƙe shi da suna. In buɗewa uku ta wuce a jere mutum bai fito da kifin da ya kai kamu da taƙi ba kafin kiran azahar, Sarkin Ruwa Maina zai ba wani wurin, ko ɗan wane ne kai.

Biyu sun riga sun wuce ni. Bara waccan na ce iska ce. Bara na ce ruwa ya yi sanyi. Gaskiyar magana, yatsun nan biyu na hannun dama ne suka fara mutuwa. Da farko sai in ji kamar tururuwa na yawo a cikinsu, daga baya na daina jin komai, zare ya wuce ta cikinsu ban sani ba sai na ga jini. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa? Hambali, wanda shekara biyar ke nan yana zagaya gurbina yana gaishe ni gaisuwar da ta fi ƙarfin zumunci?

Saura kwana goma buɗewa ta uku, sai ga 'yata Juwairiyya, wadda ke suyar kifi a kasuwar Waca, ta shigo gida da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kwance. Sanda ce baƙa, siririya, mai zobba, da wani ɗan inji a gindinta mai hannun juyawa irin na keken ɗinki.

"Baba, injin fatsa ne. Na sa an taho maka da shi daga Kano."

"An taho mini da shi? Na aiki wani ne?"

"Ka dai gwada, Baba. Da hannun hagu ake naɗewa."

Na yi kamar ban ji wannan ta ƙarshen ba. Na ɗauki abin, na kama bakin zaren na ja da ƙarfi don in ga ƙwarinsa. Sai injin ya yi tirrr, zare ya biyo ni salin alin.

"To, kin gani! An cuce ki, 'yar nan. Abin da ba ya riƙe zare, ina zai riƙe tarwada?"

"Mai kayan ya ce haka yake. Ya ce wannan murfin na gaba shi ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi. Ya ce in ya yi kuka a ƙyale shi ya yi."

"Shi mai kayan ya taɓa kama ko ƙarfasa guda a rayuwarsa?"

Ta jingine sandar a jikin rumbu, ta tafi wajen uwarta.

Ba zan ɓoye muku ba, washegari na ɗauki sandar na zagaya bayan garkar rake ta wani abokina, inda ba mai ganina, na yi ta jefa dutse ɗaure a zare. Kwana uku na gane kanta. Kai, abin yana jifa! Inda gwangwanina ke kai wa da ƙyar, nan yake fara tafiya. Kuma da tafin hannu duka ake riƙe sandar, ba ruwanta da yatsu biyu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wannan sakin zaren. Don haka ranar kasuwa na kai wa Ɗan Azumi mai gyaran babur.

Ɗan Azumi bai taɓa ganin irinsa ba, amma ba a taɓa kawo masa abu ya ce bai sani ba. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Malam Maharazu, wannan ai noti ne ya kwance tun daga kamfani." Ya murɗe murfin har ƙarshe. Muka ja mu biyu, ya ɗan sake yin tirr. Ya ce, "Af, taurin kai gare shi." Ya kwance murfin, ya tsiyaya kol a ciki, wato gam irin mai kama ƙarfen nan, ya mayar ya ɗaure da filaya. Ya miƙo mini yana share hannu a wando. "Yanzu ko jaki ka ɗaura, ba inda za shi." Na yi masa godiya sosai, na dawo gida ina ganin na gyara abin da mutanen Kano suka kasa.

Ranar buɗewa tun hantsi bakin tabki ya cika. Mata sun kafa kaskonsu ƙarƙashin giginyu suna jiran kifi, masu raga na zaune a kan gorunansu suna jiran azahar. Sarkin Ruwa ya yi addu'a, ya ɗebi ruwa ya watsa, kowa ya nufi gurbinsa. Na zauna a nawa. Sandar tana cikin buhu a bayana, don ni da gwangwanina na yi niyyar gama wannan magana.

Na sa hanjin kaza a ƙugiya na jefa. Na daɗe ina jira. Rana ta ɗaga sosai kafin in ga zare ya miƙe. Gani na yi, ban ji ba, kuma nan ne matsalar take. Kafin in matse, gwangwani ya yi tsalle daga cinyata yana ta juyi a ƙasa, zare na gudu ta cikin yatsuna kamar ba nawa ba. Na kai hannun hagu na damƙe, na damƙe da yawa, zare ya yi tas. Kifin ya tafi da ƙugiyata.

"Assha!" in ji Hambali daga bayana. Ko nasa gurbin bai zauna ba, yana tsaye da hannu a baya. "Sannu, Malam Maharazu. Yau kuma iskar ce?"

Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Na dubi inuwar kanya, ta kusa komawa gindinta. Na jawo buhu na zaro sandar.

Dariyar da aka yi, har mata suka miƙe suna leƙe. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Maharazu ya zo da sandar rediyo, yau za mu ji labarun Damagaram!" Ban kula kowa ba. Na sa koto, na miƙe tsaye, na wurga. Ƙugiyar ta tafi, ta tafi, ta wuce ganyen bado, ta faɗa can tsakiyar zurfin da ubana ya mutu bai taɓa kai wa ba. Dariyar ta ragu da kanta.

Ba a jima ba sandar ta nemi ƙwacewa daga hannuna. Wannan karon na ji jan kifin, a tafin hannu, a gwiwar hannu, har kafaɗa. Na ɗaga, ta lanƙwashe kamar za ta haɗa kai da gindi. Zare ya miƙe ya fara wannan siririn kukan da duk masunci ya sani, kukan da yake yi in saura ƙiris ya tsinke. Yatsuna suka motsa da kansu za su sakar masa, ba abin da za su saka. A nan ne, ina tsaye da girmana, na gane abin da na aikata. Murfin nan da na kai aka kashe da kol, aikin yatsuna yake yi. Mutanen da na raina sun zauna sun ƙera babban yatsa da manuni na ƙarfe, ni kuma na biya Ɗan Azumi ya shanye su kamar nawa.

To, kuka ba ya cikin aikin. In inji ba zai ba kifi zare ba, ni ina da ƙafafu. Na taka cikin ruwa da rigata da komai, na bi shi. Taku uku, huɗu, biyar, zare ya daina kuka. Ruwa ya kawo mini ƙugu. Kifin ya tsaya yana huci a ƙasa, ni kuma na fara ja da baya a hankali ina naɗewa da hagu.

"Ya bar gurbi!" Hambali ya yi ihu. "Sarki, ka gani da idonka, ya bar gurbi!"

Na ji muryar Maina, ko ɗaga ta bai yi ba. "Daga ina aka jefa ƙugiyar?"

"Daga gurbi, amma..."

"To, ka yi mana shiru."

Haka muka yi ta yi da kifin nan. Ya ja, in bi shi. Ya huta, in ja da baya. Takalmina ɗaya ya tsaya a laka na bar shi can. Igiyoyin bado suka naɗe mini ƙafa na tsinke su. A karo na huɗu ya kai ni har ƙirji, na ji mata na salati a bayana. A na biyar ya yi wani irin ja na mai neman ransa, na bi shi har ruwa ya taɓa mini gemu, na ɗaga sandar sama da kaina, na tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa. Gaba gare ni ramin kanya ne, zurfin da ke shanye mutum, taku ɗaya ya rage, kuma na san shi sarai. Zare ya fara kukansa. Na ce masa a fili, "Kai, ni iyakata ke nan. In za ka tsinke ka tsinke." Na ji tsoro, ba na musu, amma ban saki ba.

Kifin ne ya fara juyowa. Na ji nauyin ya sauya, ya daina nitsewa ya koma gefe. Daga nan na san nawa ne. Na yi ta ja da baya ina naɗewa, ina tari, ina tofar da ruwa, har bayana ya bugi saiwar kanya. Tarwadar ta biyo ni cikin laka, baƙa wuluk, kanta ya kai faifai, gashin bakinta na jan ƙasa. Masu raga biyu suka danne ta. Maina ya zo ya naɗe hannun riga, ya auna da kamunsa a gaban kowa, ɗaya, biyu, har da saura. Bai gama miƙewa ba ladan ya kira azahar daga cikin gari.

"Gurbin gindin kanya na Maharazu ne," in ji shi. Ya dubi Hambali. "Kai kuma ka je ka ga naka, tun safe ba kowa a ciki."

Aka yi ta guɗa, ana ta miƙo mini hannu. Na so in ajiye sandar in karɓi gaisuwa, sai hannun dama ya ƙi buɗewa. Ya ƙanƙame ta gam, yatsun sun sandare, na umarce su sun ƙi ji. Ga mutane na matsowa, ga Hambali bai yi nisa ba. Na juya musu baya kamar mai duba zare.

Sai na ji an dafa ni. Juwairiyya ce, ta baro kaskonta a wuta. Ta durƙusa kusa da ni kamar mai yi mini barka, ta yafa gefen mayafinta a kan hannuna da sandar, ta sa hannu ƙarƙashi ta fara ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana amsa wa mutane gaisuwa a madadina.

Na rage murya na ce, "Na lalata miki inji. Kol na sa aka zuba masa."

"Na sani, Baba. Ɗan Azumi ya ba duk kasuwa labari, yana neman a yaba masa."

"Za a iya samo wani murfin?"

"Za a samo."

Ta zare sandar, ta ci gaba da murza mini tafin hannu a ƙarƙashin mayafin. Na dubi ruwa, na kasa dubanta.

"Hannun nan fa, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka ce Inna ta riƙa kawo maka tuwo da cokali," in ji ta. "Shekara biyu ke nan, Baba. Duk gidan mun sani."